A Sawun Likita Mai Gemu

Kawuna ya haura shekara ashirin yana aikin tiyata a Ingila, kuma cikin abubuwan da ƙasar ta shafa masa babu wanda ya fi ba dangi mamaki kamar son wasan kurket. Mutumin da ya tashi a Zariya yana buga ƙwallon tsumma, yau shi ne zai share wuri gaban talabijin tun hantsi har la'asar sakaliya yana kallon mutane cikin fararen kaya, ana jifa ana karewa, a tashi ba a san wanda ya ci ba sai an kwana an dawo. Abokan aikinsa 'yan Pakistan ne suka koya masa. Da na je masa hutu a Bristol lokacin bazararsu, ya kai ni gadar Clifton da bakin ruwa, amma a gurguje, kamar mai sauke farali. Abin da ya tanadar mini na gaske shi ne yawon bin sawun wani likita da ya mutu tun 1915.

Sunansa William Gilbert Grace, amma duk Ingila W. G. ake ce masa, ko kuwa Likita kawai. Hotonsa na nan rataye a falon Kawu kusa da jadawalin lokutan sallah: ƙaton mutum mai gemu har ƙirji, ga teɓa, ga 'yar hula da ta yi wa kansa kaɗan. Shekara 44 ya yi yana buga kurket a matakin ƙoli, daga 1865 zuwa 1908. Ya tara maki sama da 54,000, ya fitar da masu bugu sama da 2,800 da jifarsa. A tsakiyar waɗannan shekaru, kusan ashirin daga ciki, yana riƙe da ɗakin duba marasa lafiya a unguwar talakawa. A takarda kuwa bai taɓa zama ɗan wasan albashi ba, don sha'awa yake yi. Kawu yana faɗin wannan yana murmushi, na san da magana a gaba.

A cikin bas ɗin da ya ɗauke mu zuwa Downend ya yi mini karatun wasan, wai ba zai yi yawo da jahili ba. Ƙungiya biyu ne, kowace mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, a kowane ƙarshe an kafa turaku uku an ɗora musu 'yan ƙirare biyu a ka. Mai jifa zai sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo ta daki ƙasa ta taso, burinsa ya kaɓar da turakun. Mai bugu yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda yana karewa, in ya samu sarari ya maka ta nesa, shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In aka kaɓar da turakunsa, ko aka cafe wadda ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ya fita, wani ya shigo. Wanda ya tara ɗari kafin a fitar da shi ya yi abin yabo. Sai Kawu ya zaro ƙwallo daga aljihun rigar sanyinsa ya danƙa mini. Ja ce, fata aka ɗinke a kan ɓawon itace, nauyinta wajen giram 160, taurinta kuwa in ta same ka a haƙarƙari sai an kai ka wurin irin su Kawu.

Downend ƙauye ne a da, yanzu birni ya haɗiye shi ta arewa maso gabas. Gidan da aka haifi Grace ranar 18 ga Yulin 1848 yana nan tsaye a North Street. Wanda ya fi muhimmanci ga labarin, wato gidan da suka koma a 1850, an rushe shi. A bayan wancan gidan ne ubansu, Henry Mills Grace, likitan karkara mai zagaya ƙauyuka a kan doki, ya sa aka sare wasu itatuwan lambu aka baje ƙasa don yara su yi atisaye. Kawunsu Alfred Pocock shi ne mai horarwa, 'yan'uwansu mata suna tsintar ƙwallo, har karnukan gidan an koya musu ɗaukowa. 'Ya'ya tara ne, biyar maza, kuma duk biyar ɗin karatun likita suka shiga. Uwarsu Martha ta san wasan fiye da maza da yawa, takan zauna bakin fili tana yi wa 'ya'yanta gyara da babbar murya. Da labarin rasuwarta ya isa Manchester a 1884, 'ya'yanta biyu na tsakiyar wasa, sai aka tsai da wasan ɗungurungum aka watse. Kawu ya ce ba a saba yi wa kowa haka ba.

Mun gangara cocin Christ Church inda aka binne iyayen da ƙaninsa Fred. Jikin maƙabartar akwai filin kurket na unguwa da aka sa wa sunan W. G., yara suna ta atisaye cikin raga. Labarin Fred ya taɓa ni. A Satumbar 1880 aka yi wasan ƙasa da ƙasa na farko a Ingila, tsakaninsu da Ostareliya a filin Oval na Landan, kuma 'yan gida ɗaya uku ne a ƙungiyar Ingila: W. G., da wansa E. M., da Fred. W. G. ya ci 152. Fred bai ci ko ɗaya ba, amma ya cafe wata ƙwallo da aka buga ta yi sama har ana cewa masu bugu sun gama musaya biyu kafin ta sauko. Mako biyu bayan nan mura ta kama shi ta zarce ciwon huhu, ya mutu yana da shekara 29. Gida cike da likitoci, babu wanda ke da abin ba shi, don maganin kashe ƙwayoyin cuta sai bayan shekara sittin ya shigo hannun likitoci.

Ranar Juma'a muka nufi unguwar Easton a cikin Bristol, kuma a nan ne tafiyar ta fara yi mini daɗi. Stapleton Road doguwar hanya ce mai hayaniya, shagunan nama na halal, masu aski, masu aika kuɗi gida, mata da hijabi suna tura keken jarirai. Somaliyawa sun yi yawa, ga 'yan Pakistan da Bangaladash, ga mutanen Jamaika. Mun yi sallah a masallacin da ke St Mark's Road, muka shiga wani gidan abinci aka kawo mana shinkafa da naman akuya, da ayaba guda a gefe, wadda na ajiye sai na gama, Kawu kuwa ya yayyanka tasa a kan shinkafar yadda masu abincin ke yi. Da muka fito ya tsaya wajen wata cibiyar motsa jiki mai wurin ninkaya, ya nuna da baki ya ce, "To, ɗana, nan wajen ne. Lamba 61." Gidan ya tafi, amma a nan Likita ya buɗe ɗakin duba marasa lafiyarsa. Unguwar a lokacin ta masu haƙar gawayi ce da leburorin jirgin ƙasa da ma'aikatan masana'antu, gidaje a cunkushe, hayaƙi ko'ina. Talakawan ne suka canza kama, talaucin bai yi nisa ba.

Ya shiga makarantar likitanci ta Bristol a 1868, bai fito da takarda ba sai 1879. Shekara goma sha ɗaya. Na ce wa Kawu ai wannan a wajenmu sai a ce ko an yi masa asiri. Ya ce babu wani asiri, kurket ne: da rani ya shigo sai ya rufe littafi, ba ya waiwayarsa sai sanyi ya kori 'yan wasa daga fili. Ya ƙarasa a asibitocin St Bartholomew's da Westminster a Landan, ya sami takardar likitanci daga Edinburgh, da ta kwalejin likitocin fiɗa ta Ingila. Wannan ta biyun ce ta ba shi damar kiran kansa likitan tiyata. Sai dai Kawu ya ja mini kunne kada in hango ɗakin tiyata irin nasu mai fitilu da na'urori. Likitan unguwa na zamanin shi ne mai ɗori, shi ne mai tsaga maruru, shi ke ɗinke kan wanda aka rotsa a mashaya, shi ke cire haƙori, shi ake tasa tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Maganin sa barci ya shigo tun shekarun 1840, amma wanke rauni da kayan aiki da ruwan kabolik, wanda Joseph Lister ya fito da shi a 1867, ana kan gardama a kansa lokacin da Grace ke ɗalibta. Manyan likitoci da yawa a Landan suna ganin ɓata lokaci ne.

Ban da masu zuwa da ƙafarsu, hukuma ta ba shi aiki biyu. Shi ne likitan hukumar kula da gajiyayyu ta Barton Regis, wato masu zaman gidan da ake tara waɗanda talauci ya kayar, a ba su abinci su biya da aikin ƙarfi, gidan da talakan Ingila ke tsoro kamar kurkuku. Shi ne kuma mai yi wa jariran yankin lambar agana. Da muka zo nan sai Kawu ya naɗe hannun riga a tsakiyar titi ya nuna mini tabon da ke damtsensa, wanda aka yi masa yana yaro lokacin gangamin kawar da agana a ƙarshen shekarun 1960. Ya ce asalin tabon nan daga wannan gunduma ta Gloucestershire yake, domin Berkeley, garin da Edward Jenner ya fara gwada lamba da ruwan ƙurjin shanu a 1796, yana nan arewa da Bristol ba nisa. A zamanin Grace doka ta tilasta lamba tun 1853, uban da ya ƙi a ci shi tara, in bai biya ba a ɗaure shi. Yadda ake yi kuwa, a tsaga fatar jariri da 'yar aska, a ɗebo ruwa daga ƙurjin wani yaron da aka yi wa mako guda da ya wuce a shafa masa. Wani lokaci sai a kwaso wata cutar a haɗa. Iyaye suka yi ta bore, a 1885 dubban mutane suka yi zanga-zanga a Leicester, sai 1898 aka sassauta dokar. Wanda ya ga abin da ya faru a Arewa kan rigakafin shan inna a 2003 ba zai yi wa Turawan nan dariya ba, kuma zai gane cewa aikin da aka ba Likita na shan zagi ne a ƙofar gidajen mutane.

Abin da mutanen unguwar suka riƙe game da shi, wanda ya bi baki har ya shiga littattafan tarihinsa, shi ne talaka ba ya fargabar kiransa, don takardar biyan kuɗi ba za ta zo ba. Ana kuma ba da labarin wani wasa da ƙungiyar Middlesex a Clifton a 1885, inda ya kwana a tsaye kan mai naƙuda, gari na wayewa ya wuce fili, ya tashi da 221 ba a fitar da shi ba.

Wanda Kawu ya fi so shi ne na 1887, kuma sai da ya tsai da ni a bakin titi ya kwatanta da hannu. Gloucestershire, ƙungiyar su Grace, na wasa da Lancashire a filin Old Trafford na Manchester. Wani ɗan wasansu, Arthur Croome, ya bi ƙwallo da gudu ya faɗa kan shingen ƙarfe mai tsini, ƙarfen ya tsarge masa wuya. Grace ya iso ya haɗa bakin raunin da yatsunsa ya riƙe, ya yi kusan rabin sa'a a haka kafin a samo allura da zaren ɗinki. Croome ya rayu har ya zama marubucin wasanni. Kawu ya ce, "Kai ba za ka gane ba. Wuya fa. Jijiyoyin jini manya suna nan, maƙogwaro na nan. In ka danna da yawa ka shaƙe shi, in ka sassauta jini ya ƙare. Minti biyar in ka riƙe abu da ɗan yatsa hannunka zai fara rawa. Shi kuma ya wuni yana jifa kafin nan." Ya ce a cikin duk alƙaluman da ake lissafa wa mutumin, wannan rabin sa'a ne kaɗai shi zai iya auna nauyinsa da kansa.

Maganar da yake ɓoyewa a murmushi ta fito a filin gunduma da ke Ashley Down, inda muka je washegari. Fili ne madaidaici, gidajen marayu na dutse da George Müller ya gina suna leƙo shi ta gefe. Grace na cikin waɗanda suka tsaya aka sayi wurin, aka fara wasa a 1889. A 2019 an kawo wasanni uku na gasar kofin duniya nan, ruwan sama ya cinye biyu ko jifa ɗaya ba a yi ba, abin da Kawu bai yafe ba har yau don ya sayi tikiti. Muna zaune a kan benci ya warware mini tsarin. 'Yan kurket na Ingila kashi biyu ne a lokacin. Akwai 'ya'yan manya, masu gona da lauyoyi da limaman coci da likitoci, waɗanda ke wasa don sha'awa, ba a ba su komai sai kuɗin mota da masauki. Akwai 'yan albashi, 'ya'yan leburori, waɗanda wasan ne abincinsu. Ƙungiya ɗaya suke, amma ɗakin canza kaya daban, ƙofar shiga fili daban, otal daban. Ɗan albashi shi ke jifa ya gaji a atisaye don maigida ya gyara hannu, kuma in zai yi masa magana sai ya sa girmamawa ko da ya haife shi. Kyaftin galibi daga 'ya'yan manya ake ɗauka. Wanda ya taɓa zuwa filin folo a Kaduna ko Katsina ya ga mai dawaki da yaran da ke hawa masa, ya san irin zaman.

To Grace a rukunin farko yake, amma babu ɗan albashin da ya taɓa samun ko kusa da abin da ya samu. Da aka gayyace shi Ostareliya a 1873, sai da aka ba shi fam 1,500 ban da ci da sha da kuɗin jirgi, ya tafi da amaryarsa Agnes a ɗakin alfarma. 'Yan albashin da suka bi shi fam 150 aka yanka wa kowanne da ɗan kuɗin kashewa, suna ɗaki mai daraja ta biyu. Da ya koma a 1891 fam 3,000 ya karɓa. Kuɗin mota da masaukin da yake rubutawa a gida ma sukan ninka ladan ɗan albashi, har a 1878 kulob ɗin Marylebone, wato MCC mai riƙe da dokokin wasan, ya fitar da sanarwa cewa bai kamata mai wasan sha'awa ya ci riba da kurket ba. Kowa ya san da wa ake, babu wanda ya iya kama suna. A 1879 ma gudummawa aka tara masa ta kusan fam 1,500 don ya kafa aikin likitancinsa.

Na ce, "Kawu, wannan ai cin amana ne da rana tsaka. Ya ci kuɗin 'yan albashi, ya kuma riƙe girman 'ya'yan manya."

Ya ce in bi a hankali. Gidan Grace ba masu dukiya ba ne, likitocin karkara ne, kuma ubansu ya rasu a 1871 W. G. na ɗalibi. Abokan wasansa na ajin manya suna da gonaki da hayar gidaje da ke shigo musu da kuɗi suna barci, shi kuwa duk ranar da ya tsaya a fili sai ya biya wanda zai zauna masa a ɗakin magani, har likitoci biyu yake ɗauka na riƙon ƙwarya in rani ya yi. Sannan su masu filayen ba sadaka suke ba shi ba. Ana cewa akan rubuta a ƙofar fili: shiga taro, in Likita zai buga, sisi. Na yarda da rabin maganarsa. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne na ɗakin canza kaya, domin mutum zai iya karɓar haƙƙinsa ba tare da ya bar abokin wasansa yana shiga ta ƙofar baya ba, kuma Grace bai taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Abin da dai ya tsaya mini shi ne yadda lissafinsa ya juye. A fili, inda doka ta ce kyauta zai yi, ba ya motsi sai an biya. A Stapleton Road, inda doka ta ba shi damar karɓa, nan yake mantuwa da takardar kuɗi. Attajiran Landan da Melbourne ne suka riƙa biya wa masu haƙar gawayin Easton kuɗin likita ba su sani ba.

A wannan filin ne, a Mayun 1895, yana dab da cika shekara 47, ga nauyin jiki, mutane sun fara cewa ya ƙare, ya ci ɗarinsa na ɗari a wasa da Somerset, bai tsaya ba sai da ya kai 288. Ya je Gravesend ya ci 257, ya je Lord's, babban filin kurket na Landan, ya ci 169, ya zama na farko da ya tara maki dubu a cikin watan Mayu. Ƙasar ta ruɗe. Wata jarida ta buɗe asusu kowa ya kawo sule guda, aka haɗa da sauran gudummawa ya tashi da sama da fam 9,000. Ba wannan ne karon farko da ya yi irin haka ba, don a Agustan 1876 ya ci 344, da 177, da 318 a jere cikin kwana takwas, amma na 1876 ƙarfin samartaka ne, na 1895 kuwa taurin kai.

Daga tashar Temple Meads muka hau jirgin ƙasa zuwa Paddington a Landan, layin da injiniya Brunel ya shimfiɗa aka buɗe shi gaba ɗaya a 1841. Ba don layin nan ba da babu yadda za a yi mutum ya zama likita a Bristol kuma gwarzon fili a Landan. Shi ma ta nan ya bar garin. A ƙarshen shekarun 1890 an sake tsarin hukumomin gajiyayyu na Bristol, abin bai yi wa likitocinsu daɗi ba, sai ga tayin shugabancin wani sabon kulob a Crystal Palace ta Landan da albashin fam 600 a shekara. Ya karɓa, ya ajiye aikin likita, ya yi baram-baram da shugabannin Gloucestershire a 1899 bayan kusan shekara talatin yana kyaftin ɗinsu. A shekarar ce ya buga wa Ingila wasansa na ƙarshe yana da shekara 50, a shekarar ce kuma taifod ta kashe 'yarsa Bessie tana da shekara 20. Babban ɗansa ya bi ta a 1905 bayan tiyatar afendis. Kawu ya ce irin aikin da yanzu yake sallamar mai shi washegari.

A Lord's mun bi ayarin masu yawon buɗe ido, yawancinsu Indiyawa, kowa da waya a sama. Ciyawar filin lumui, sai ka rantse da almakashi aka bi ta. Kawu ya ce a zamanin samartakar Grace wurin nan cike yake da tsakuwa da ramuka, ƙwallo takan daki ƙasa ta taso inda ta ga dama, ba kwalkwali a ka, safar hannu ma ba ta kirki ba. A nan a 1870 ƙwallo ta sami wani ɗan albashin Nottinghamshire, George Summers, a kai. Grace na cikin filin, yana ɗalibin likita. Summers ya faɗi, ya farfaɗo, aka ga kamar ya warware, ba a kai shi asibiti ba, ya hau jirgin ƙasa ya koma gida, bayan kwana huɗu ya mutu. Kawu ya ce wannan farfaɗowar ita ce tarkon, jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai mutum yana hira, kuma ko yau ɗalibin da bai san haka ba ba zai ci jarrabawarsa ba. Bayan mutuwar ne aka dage da gyaran filin. Da na tuna taurin abin da ya danƙa mini a bas, sai alƙaluman Grace na waɗancan shekaru suka canza mini fuska.

A gidan tarihin filin akwai wani ɗan tulu da bai kai tsawon tafin hannu ba, a cikin gilashi, mutane na layi don su ɗauki hotonsa. Shi ne tulun tokar da Ingila da Ostareliya ke faɗa a kai har yau, kuma da hannun Likita a asalinsa, ba ta hanyar da zai so ba. A wasan Oval na 1882, wani matashin Ostareliya, Sammy Jones, ya gama gudunsa ya fita daga layi don ya daddaɓe wani tudu a ƙasa, a zatonsa wasa ya tsaya. Grace na riƙe da ƙwallo, sai ya kaɓar da turakun ya nemi hukunci, alƙali ya ce ya fita. A doka daidai ne, a mutunci kuwa abin kunya. Ran 'yan Ostareliya ya ɓaci, mai jifarsu Fred Spofforth ya shigo a fusace, Ingila na neman 85 kacal ta kasa, ta faɗi da maki 7. Wata jarida ta buga sanarwar rasuwa ta ba'a, wai kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Labaran wayonsa irin wannan suna da yawa, na musu da alƙalai da na ƙin fita in an fitar da shi, wasu gaskiya wasu ƙari. Mai yi mana jagora yana ba da su yana dariya kamar labarin kakansa mai rigima.

Ta ƙofar da ke St John's Wood Road muka fito, ƙofar ƙarfe da aka kafa don tunawa da shi a 1923. Rubutun da ke jiki ya kira shi babban ɗan kurket, ya ba da shekarun haihuwa da mutuwa, bai ambaci likitanci ba. Ya rasu ranar 23 ga Oktoban 1915 a Mottingham bayan bugun jini, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, shekara guda bayan ya rubuta wa wata jarida wasiƙa yana cewa a rufe filaye matasa su tafi fagen daga. Tsarin ƙofa biyu ya daɗe bayansa. Sai 1952 Ingila ta yarda ɗan albashi, Len Hutton, ya zama kyaftin ɗinta na dindindin, sai ƙarshen 1962 aka soke bambancin gaba ɗaya, kowa ya zama ɗan wasa a biya shi a fili.

Muna jiran bas na tambayi Kawu, in da a asibitinsu ne wani likita yake ɓacewa tun Mayu har Satumba kowace shekara ya bar marasa lafiya a hannun 'yan riƙon ƙwarya, me za a yi masa? Ya ce ko wata biyu ba zai yi ba za a kira shi gaban kwamiti. Na ce to shi fa, da zai kwanta Likita ya yi masa aiki?

Ya yi shiru yana duban lambar bas ɗin da ke tahowa, sannan ya ce, "Ya buɗe mini ciki? A'a, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana gudun aji ba zai taɓa hanjina ba. Amma in ɗinki ne, ko riƙe jijiya kafin a kawo zare, ko gobe. Tashi, namu ne wannan."